Shekarar da Na Faɗi Sunan Ɗan Farina

Ku ƴaƴana, na san abin da aka faɗa muku a kaina, don a garin Diffa magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya. An ce uwarku ta zubar da kunya a cikin waya, duniya ta ji. An kuma ce ni na kori gwaggonku Ya Fanna daga gidan ƙaninta. Ta farkon gaskiya ce, kuma in aka maido ni wannan rana gobe, zan sake. Ta biyun ƙarya ce. Yayarku Yagana kaɗai ta ga abin da idonta, ku sauran kuna ƙanana, daga lakwal, wato makaranta, sai wasa, shi ya sa na ga gara ku ji daga bakina tun ina da bakin.

A gidan da na tashi, da gidan da na yi aure, mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gaban surukai ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Da na yaye yayanku, Ya Fanna, yayar mahaifinku, ta zo ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Tsakanin ɗakina da nata katangar zana ce kawai. Ita ta yi masa kaciya, ita ta kai shi makarantar allo, ita ke ƙwala masa kira da magariba har a ji a bakin kogin Komadugu. Ni kuwa “yaron Ya Fanna” nake ce masa. Abin ya zo mini da wahala, domin sunan da aka raɗa masa rabin mazan kwarin nan shi suke amsawa. Mai shago, mai gyaran injin ban-ruwa, har limamin garinmu, duk sai da na nema musu laƙabi, kuma ban taɓa yin tuntuɓen harshe ba. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa.

Ya girma, ya ƙi noman tattasai irin na ubansa, ya bi wani fatake zuwa tsibiran tafkin Chadi yana harkar bandar kifi. Yana can ƴan bindiga suka tashe mu. Kun san wannan labarin, ba sai na maimaita ba: garinmu na gefen Tumur ya watse, muka bar tattasai a shanye a ƙasa, muka iso Diffa da kayan jikinmu. Lambar wayarsa ta daina shiga, tamu wayar ma ta salwanta a hanya. Shekaru suka yi ta wucewa. A lokacin in saurayi ya ɓace, mutane ba sa cewa ya ɓata, sai su ce “ya tafi,” wato ya bi ƴan bindigar, su kalli juna. Saboda haka mahaifinku, Malam Kiari, ya hana a yi cigiya da ƙarfi. In baƙo ya zo daga wajen tafki, sai ya ja shi gefe ya tambaye shi da raɗa, ya dawo ya zauna. Ni ko tambayar ba ni da ikon yi, don wadda ba ta iya faɗin suna da me za ta yi tambaya?

A Diffa na kama aikin tsinkar tattasai. Ƴan kasuwa su kawo buhuna, mu mata mu zauna a rumfa mu cire hanci, mu ware mai kyau da wanda ya yi baƙi, muna atishawa muna hawaye. A nan na haɗu da Maman Bintu, ƴar Damasak, wadda ita ma gudu ya tsallako da ita. Mace ce mai faɗi, mai dariya, ba ta rabuwa da waya. Sai ta jefa wayar cikin kwanon sha don murya ta ƙaru, ta ajiye a tsakiyarmu, mu yi ta aiki muna sauraro. Da farko na ɗauka rediyo ce. Da aka kira azahar ta danna, mutumin ya yi shiru, muka yi salla muka dawo, ta sake dannawa ya ɗora daga inda ya tsaya. Na ce:

“Wannan wace irin rediyo ce mai ladabi?”

Ta kwashe da dariya har tana dukan cinya.

“Ba rediyo ba ce, Ya Hajara, fodkas ne. Shi yake jiranki, ba ke kike jiransa ba. Ki sa ƴarki ta yi miki sabskiraib.”

Da na kai wa Yagana maganar, ta ce su nan “abone” suke cewa, wato ka bi shiri, duk sanda sabo ya fito sai ya iso wayarka da kansa. Ta ba ni tsohuwar wayarta, ta yi mini abone ɗin, in ta je inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke da ƙarfi ta sauko mini da su. Tun daga nan ban sake daka ko wanki a shiru ba.

Tunda kullum kuna tsokanata wai kunnena ya auri waya, bari in faɗa muku waɗanda suka cancanci kunnen mutum. Na masu ihun siyasa ban taɓa kai su ƙarshe ba, maza huɗu suna magana lokaci guda, babu mai jin wani, ai wannan a bakin kasuwa ma kyauta ne. Wanda na fara ƙauna shi ne na wasu mata biyu da muke kira masu dariya. Hirar gida suke yi, ta girki da goyo da yadda mace za ta riƙe sana'a, ɗaya tana tsokanar ɗaya, kuma ba sa yi wa mutum wa'azi. Su suka fara sa ni dariya bayan barinmu gari. Sai na wani dattijo mai ba da tarihin garuruwan Barno da na bakin kogi, yana magana a hankali kamar mai tsefe auduga. Ni da shi muna faɗa, don ranar da ya ce tattasai baƙo ne a kwarin nan na tsayar da shi na ba shi amsa, Maman Bintu tana ce mini ba ya jina. Akwai kuma na wata likita mai bayanin hawan jini da ciwon suga cikin Hausar da kowa zai gane, ita ta sa na rage wa mahaifinku gishiri bai sani ba. Waɗannan duka ku neme su, ba za ku yi asarar forfe, wato kuɗin data, ba.

Amma wanda ya juya mini rayuwa shi ne shirin cigiya. Wata mata ce ƴar nan Diffa ke yin sa, tsohuwar malamar lakwal, muna ce mata Madam. Tana bin kasuwanni da matsugunan ƴan gudun hijira da wayarta, tana ɗaukar muryoyin masu neman nasu. Wannan da Barbarci, wancan da Fillanci, wani da Hausa, wani da yaren Buduma. Kowa ya faɗi wanda yake nema, da garinsu, da inda za a same shi. Shirin yana tafiya daga waya zuwa waya, masu cajin waya suna zuba wa mutane a katin memori, har Chadi, har Maiduguri. A ƙarshen kowane fitowa sai ta faɗi waɗanda aka dace. In ta zo wurin nan, rumfarmu takan yi tsit, hannuwa su tsaya a cikin tattasai. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma tana maimaita shi kullum: mai nema ya yi magana da muryarsa, ya faɗi cikakken suna, domin mutumin da tsoro ya ɓoye ba ya fitowa sai ya ji muryar da ya sani.

Na daɗe ina sauraro kafin in yi wani abu. Kuma ku sani, ban tsallake kowa ba. Ya Fanna na fara samu, don ita ke da hakkin kiran sunansa. Tana zaune a inuwar ɗaki tana jan carbi, na durƙusa na gaishe ta, na kunna mata shirin. Ta saurara har ƙarshe, hawaye yana bin kumatunta. Na ce ga dama ta samu, muryarta ya fi sani a duniya. Ta share fuska ta ce:

“Hajara, ke kin san halin da ake ciki. In na faɗi sunan yaron nan a waya, wa zai fara ji, shi ko masu neman laifi? In shina raye, shirunmu ne ke rufe shi. Baki shi kan yanka wuya.”

Na ce shirun nan mun yi shi shekara da shekaru, bai kawo mana ko takalminsa ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Na sami mahaifinku. Ya saurare ni yana kallon ƙasa, ya ce maganar yayarsa ita ce tasa. Yagana ta ce ita za ta yi, amma ya tafi ya bar ta ƴar mitsitsiya, yanzu ga ta da goyo, ina zai san muryarta? Aka bar ni ni kaɗai, ni da ban taɓa buɗe baki na kira shi ba. Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Tsoron Ya Fanna ba shirme ba ne, mun ga gidajen da tambaya ɗaya ta jawo musu wahala. Amma na auna abin ta kowane gefe na ga cewa in ya mutu, suna ba zai ƙara kashe shi ba, in kuwa yana raye, to yana wani wuri yana zaton ba shi da kowa. Wannan tunanin ne ya hana ni sukuni. Da safe na faɗa wa mahaifinku a fili cewa zan je, don ban taɓa fita da ƙarya ba. Ya ce:

“Ban ba ki izini ba.”

Na ce, “Na ji, Malam. Ka hana ni ne?”

Sai ya ɗauki butarsa ya fita. Na ɗauki mayafina.

Madam tana ɗaukar murya a gindin wata bishiyar bedi kusa da kasuwar tattasai. Maman Bintu ta raka ni. Mutane sun yi layi, kowa ya zo ya faɗi nasa ya tashi. Da aka zo kaina na zauna a tabarma, ta miƙo wayar kusa da bakina, ta ce bismilla. Na faɗi sunana, da na mijina, da garinmu, da unguwar da muke a Diffa, duk ba gargada. Na ce ina neman ɗana. Ta ce:

“Sunansa, Inna?”

Wallahi sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ina jin sunan a ƙirjina, ya hau har maƙogwaro, ya tsaya. Ina ganin fuskar mahaifiyata, ina ganin matan garinmu. Na buɗe baki na rufe. Masu layi suka fara motsi, wata tsohuwa a bayana ta gane, ta ce a hankali, “Ɗan fari ne.” Madam ba ta janye wayar ba, ba ta kuma matsa mini ba. Can na ja numfashi na faɗa, sunansa da na ubansa, da ƙarfi yadda ba sai an ce in maimaita ba. Na ƙara da cewa duk muna raye, Ya Fanna ma tana raye. Da na gama, Madam ta ce za ta yanke wurin da na yi shiru don ya yi tsawo. Na ce mata ta bar shi yadda yake, ba ni da ƙarfin da za a gyara mini komai. Ta ba da lambar Yagana a ƙarshe, muka tashi.

Magana zarar bunu ce. Shirin ya fito, kuma a rumfarmu aka fara jin sa, daga cikin kwanon Maman Bintu. Wasu matan suka sunkuyar da kai, wasu suka taɓe baki, wata ta ce yau ta ga ƙarshen zamani. Kafin la'asar labari ya riga ni gida. Na tarar da Ya Fanna ta ƙulle kayanta. Na durƙusa a gabanta na ce ta yi haƙuri ta zauna, gidan ƙaninta ne. Ba ta dube ni ba, ƙaninta ta yi wa magana:

“Kiari, ni ba ni kwana gida ɗaya da wadda ta tallata mini yaro. Ta haifa, amma ni na raina. In wani abu ya same shi, ita ta miƙa shi.”

Ta tafi Gagamari wurin ɗiyar ƙanwarsu. Bayan ƴan kwanaki abin da take tsoro ya taɓa mu: jami'an tsaro suka zo suka tafi da mahaifinku, aka wuni ana yi masa tambayoyi a kan ɗansa, yaushe ya tafi, da wa ya tafi, me ya sa sai yanzu. Ya dawo da yamma ƙafafunsa a kumbure. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, amma ya daɗe ba ya cin abincin da na dafa, sai Yagana ta aiko masa daga gidanta. A gidan suna da gidan biki mata sukan yi shiru in na shigo. Damina ta zo ta wuce, kogi ya kawo ruwa ya janye, aka dasa tattasai aka tsinka, waya ba ta yi ƙara ba. Kowane sabon shiri ina sauraron sunayen waɗanda aka dace, babu namu. Na yi kuka a wannan shekarar fiye da shekarar gudu. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Wata rana da hantsi ina rumfa, sai ga Yagana a guje, goyonta yana lilo, mayafi a hannu. Ta miƙo mini waya. Na kara a kunne, na ji muryar namiji babba, mai kauri, ya yi sallama ya ce, “Inna?” Na zauna a kan buhu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Kai ne?” Ya ce shi ne. Yana wani gari a Chadi, can ɗaya gefen tafki, yana gyaran komar kamun kifi, har da mata da ɗiya. An faɗa masa garinmu babu wanda ya fita, kuma ba shi da takardar da zai dawo ya bincika ba tare da an kama shi ba. A teburin mai shayi ya ji shirin, tun watannin baya. Na ce to me ya hana shi kira tun lokacin? Ya ce:

“Inna, na ce ba ke ba ce. Murya taki ce, amma na ce uwata ba ta faɗin sunana, tarko ne aka haɗa. Na sa aka zuba mini a waya, ina ta ji ina ta ji. Shirun nan da kika yi kafin ki faɗa, shi ya hana ni barci. Na ce babu mai iya ƙirƙiro wannan.”

Sai ya tambayi Ya Fanna. Na ce ya sake kira gobe war haka.

Washegari muka shiga motar Gagamari, ni da mahaifinku da Yagana. A hanya mahaifinku ya sayi ƙosai ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, na karɓa, wannan shi ne sulhunmu. Mun sami Ya Fanna ta rame, tana zaune a ƙofar bukka. Ta amsa gaisuwar ƙaninta da ta Yagana, tawa ta bar ta a ƙasa. Da wayar ta yi ƙara, Yagana ta buɗe murya yadda kowa zai ji ta ajiye mata a cinya. Ban taɓa jin tsohuwa ta yi irin wannan kukan ba. Ta kira sunansa ta sake kira, tana yi masa faɗa da Barbarci, tana tambayarsa ko yana cin abinci. Zan faɗa muku gaskiya tun yanzu: ba ta dawo gidanmu ba. A Gagamari ta zauna har Allah ya karɓi abinsa, kuma ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma har yau yana mini ciwo, don na zauna da ita tun ina amarya.

Da suka gama, ya gaisa da ubansa, sannan ya ce a ba shi Inna. Na matso na ce ina ji. Ya ce:

“Inna, wancan a shiri kika faɗa, duniya kika faɗa wa. Ni ba ki taɓa kirana ba.”

Mahaifinku ya kau da kai yana kallon zana. Ga yayar mijina a gabana, ga maƙwabta sun taru a bakin ƙofa. Na ɗaga ido na dubi Ya Fanna, ita ma ta dube ni, karo na farko tun ranar da ta ƙulle kayanta. Ta tura mini wayar da bayan hannu ta ce:

“Mi kike jira? Kira shi mana, yaro shina saurare.”

Na ɗauki wayar da hannu biyu, na gyara murya, na ce, “Bukar.”

Ya ce, “Na'am, Inna.”